Rairayi Allon Farko: Tarihin Wasan Ƙasa a Tarbiyyar Yaran Hausawa, da Misalai Daga Garo

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan wasannin yara, amma galibi hankalinsu ya fi karkata ga wasannin da ke ɗauke da waƙa, kamar gaɗa da tashe, domin a nan ne ake samun matanin da za a rubuta a feɗe. Wasan da yaro ke yi a zaune, daga shi sai ƙasa, ba kiɗa ba waƙa, bai sami irin wannan gata ba. Dalili kuwa a fili yake. Abin da aka gina da rairayi da hantsi, kafin azahar akuya ta bi ta kansa, in mai bincike ya zo ba ya tarar da kome.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin matsayin rairayi a cikin koyon yara, tun daga gida da makarantar allo har zuwa makarantar boko. An ɗauko misalai daga Garo, wani gari na manoma a ƙaramar hukumar Kabo, kusa da Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. Abin da nake son nunawa shi ne, ƙasa ita ce allon farko na ɗan Bahaushe, kuma akwatin rairayin nan da ake koya wa ɗalibai a kwalejojin horon malamai da sunan dabarar Turawa, asalinsa daga makarantun talakawa irin namu ya fito. Sa'an nan za a duba yadda aka yi muka yar da shi, da abin da yarwar ta jawo.

2.0 Kalmomin da Yaro ke Fara Sani

Ya kamata a fara da harshe, domin Bahaushe bai tara nau'o'in ƙasa a kalma ɗaya ba. Akwai yashi, mai kauri, wanda ake ɗebowa a gulbi ko rafi don gini. Akwai rairayi, wanda ya fi shi laushi, ko da yake mutane da yawa suna musanya kalmomin biyu. Akwai turɓaya, watau ƙasa mai laushi ƙwarai da ke kwance a kan hanya da rani. Sai laka da taɓo, waɗanda ruwa ya jiƙa, da yumɓu na maginan tukwane, da burji mai tsakuwa. Filin da rairayi ya yi yawa a cikinsa kuma shi ne jigawa.

Abin lura a nan shi ne, ba wanda ke zaunar da yaro ya koya masa wannan rabe-rabe. Da hannunsa yake gano shi. Yaro ɗan shekara huɗu a Garo ya san busasshen rairayi ba ya tsayawa in an tara shi, ya san yashin da ruwan sama ya jiƙa yana karɓar siffa, ya kuma san saniyar da ya gina da laka za ta tsage in ya shanya ta a tsakiyar rana. Ke nan kalmar da ma'anarta tare suke shiga kansa, kuma ta yatsu suke bi. Wannan shi ne darasinsa na farko a ilmin yanayin abubuwa, kuma da harshen uwa yake ɗaukarsa.

3.0 Ire-iren Wasan Ƙasa

Wasan ƙasa yana farawa ne tun daga yaye, ya ci gaba har wajen shekara bakwai ko takwas, lokacin da aikin gida da na gona da karatu suke fara cin lokacin yaro. Ana iya kasa shi gida huɗu.

Na farko shi ne tuwon ƙasa, wanda 'yan mata suka fi yi. Sukan tara sakaina da gwangwanaye da marafan kwalba, su kwaɓa ƙasa su tuƙa, su yi miya da ganye, sa'an nan su kwashe malmala-malmala. Wanda ya tsaya ya saurara zai ji ana lissafi: wannan na maigida, wannan na baƙo, waɗannan na yara. In malmala ta kasa, sai a rage girman kowace a sake rabo. Yarinyar da ke yin haka tana aikin rabawa ne tun ba ta san sunansa ba, tana kuma maimaita tsarin girma da ƙanƙanta na gidansu.

Na biyu shi ne gini. Bayan an ɗauke ruwan sama, yaro yakan tura ƙafarsa cikin jiƙaƙƙen yashi, ya daddaɓe samanta, ya zare ta a hankali, sai ga ɗaki da ƙofa. Daga nan sai a kewaye shi da katanga, a yi zaure da rumbu da turke, a ja kunyoyin gona a bayan gida a kakkafa tsinke a matsayin dawa. A yankin Kabo da Gwarzo, inda madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga suka ƙarfafa noman rani, na ga yara suna yanka fangali a ƙasa, suna jan 'yar hanya su zuba ruwa don su ga inda zai bi. In ruwan ya ƙi gangarawa, sai su ƙara zurfin hanyar ko su sake mata wuri.

Na uku shi ne ƙira da laka. Dattawa suna ba da labarin shanu masu ƙaho da dawaki da raƙuma. Waɗanda suka tashi a shekarun 1970 da 1980 sun ƙara da mota da rediyo. Yaran yau kuwa har wayar hannu suke ginawa, su kara a kunne. Da a ce ana adana waɗannan abubuwa, da sun isa su zama kundin tarihin kayan da suka riƙa shigowa ƙauyukanmu, kowanne da zamaninsa.

Na huɗu shi ne wasannin da ake zana filinsu a ƙasa, kamar 'yar gala-gala da dara. Ita dara ana tona mata gurabe 30, jeri biyar masu gurbi shida-shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani tsakuwa wani guntayen kara. Wanda ya jera uku a layi ɗaya sai ya cinye ɗan abokin karawarsa guda. Wasan manya ne, amma yara sukan tona tasu a gefe suna kwaikwayo, kuma a nan suke koyon hangen abin da zai biyo bayan motsi biyu ko uku. Shigar dara cikin tunanin Bahaushe ta kai har ana cewa dara ta ci gida, in dabarar mutum ta koma kansa.

Abin da ya haɗa waɗannan wasanni huɗu shi ne, kuskure ba ya barin tabo. Ɗaki ya rushe, a sake ginawa. Layi ya karkace, a shafe da tafin hannu. Ba a yi hasarar ko anini ba, ba kuma wanda zai sha duka. A nawa ganin, wannan ne ya sa yaro ke da ƙarfin halin gwada abin da bai taɓa gani an yi ba, wanda shi ne mafarin ƙirƙira.

4.0 Ƙasa da Karatun Allo

Makarantar allo ta daɗe da sanin wannan fa'ida. Matakin farko na karatu shi ne babbaƙu, inda yaro ke koyon haruffa da sunayensu na Hausa, kamar mim jaye da nun ara da ta kuri, sa'an nan ya wuce farfaru. A wannan mataki malam ko gardi ne ke rubuta masa allo, domin alƙalamin kara da tawada suna bukatar hannun da ya ƙware, ga kuma nauyin kuskure a cikin rubutu mai alfarma. To, ina yaro ke gwada hannunsa kafin a amince masa? A ƙasa, da yatsa ko da tsinke. Malamai ba su yarda a rubuta aya a ƙasa ba, amma siffar harafi ɗaya-ɗaya a nan yara da yawa suka fara ja ta.

Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A cikin Sahihul Buhari akwai hadisin Abdullahi ɗan Mas'udu da ke nuna yadda Annabi (SAW) ya zana murabba'i da layuka don ya bayyana wa sahabbai ajalin mutum da dogon burinsa. Maƙwabtanmu Buzaye na Azbin sun riƙe rubutunsu na Tifinag ƙarni bayan ƙarni ba tare da makaranta ba, iyaye mata suna koya wa 'ya'yansu a kan rairayi. Haka nan kuma lissafin Indiya ya shiga ƙasashen Musulmi ne a kan wani allo da ake barbaɗa wa ƙura a rubuta da yatsa. Saboda haka ne a Magrib da Andalus ake kiran alƙaluman lissafinsu haruffan gubar, watau na ƙura. Daga waɗannan ne alƙaluman da muke kira na boko suka samo asali. Fibonacci, wanda littafinsa na 1202 ya taimaka wajen yaɗa su a Turai, a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau ya koyo su.

Amma fa tun da wuri rubutun ƙasa ya gamu da abin da ya rage masa daraja. Wani masanin lissafi mai suna Uƙlidisi, wanda ya yi rubutu a Dimashƙu wajen 952, ya ba da dalilan da suka sa yake son a koma ga takarda da tawada: iska tana share abin da aka rubuta, ƙura tana ɓata yatsu, kuma mutanen kirki suna jin kunyar a gan su da allon ƙura, domin a hannun masu duban taurari na bakin titi aka saba ganinsa. Irin wannan ne ya faru a nan. Bugun ƙasa, wanda ake yi da ɗige-ɗige a kan rairayi a fitar da siffofi 16, sananne ne a ƙasar Hausa, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka a kan masu da'awar sanin gaibu ta wannan hanya a littafinsa Nurul Albabi. Sukan Shehu a kan duba yake, bai shafi wasan yara ba. Duk da haka ina ganin ya ƙara nisanta babban mutum mai ilmi daga baza rairayi a gabansa, sai abin ya zama na yara da 'yan duba, ba mai rubuta tarihinsa.

5.0 Yadda Rairayi ya Shiga Makarantun Turai

Yanzu sai mu duba inda akwatin rairayi na kwalejojinmu ya fito. A 1789 aka ba wani limamin Kirista ɗan ƙasar Sikotilan, Andrew Bell, shugabancin wata makarantar marayu a Madaras ta Indiya. Koyar da haruffa ya gagari malamansa. Wata rana ya wuce wata makarantar gargajiya ta 'yan ƙasa, ya ga yara zaune suna rubutu da yatsa a kan rairayin da aka baza musu. Ya umarci malamansa su gwada, suka raina abin, sai ya ɗora wani yaro ɗan shekara takwas a kan ajin, aka kuwa ga biyan bukata. Da ya koma Ingila ya buga bayanin wannan gwaji a 1797. Joseph Lancaster, wanda ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a Landan a 1798, ya bi irin wannan hanya, ajinsa na farko a kan teburin rairayi yake koyon haruffa. Abin da ya ja hankalin mutanen nan biyu shi ne araha, domin yara ɗaruruwa suke son koyarwa da kuɗi kaɗan.

Daga baya ne aka dubi abin ta fuskar halayyar yaro. Friedrich Froebel, wanda ya sa wa makarantar ƙananan yara sunan lambun yara a Jamus a 1840, ya kafa koyarwarsa a kan cewa wasa shi ne aikin yaro na haƙiƙa, almajiransa kuma suka mai da tarin yashi wani ɓangare na irin waɗannan makarantu. A tsakiyar shekarun 1880 wata likita, Marie Zakrzewska, ta ga tarin yashin da aka zuba wa yara a Barlin, ta ba da shawarar a yi haka a unguwannin talakawa na Boston, kuma daga nan ake ƙirga mafarin filayen wasan yara a Amurka. Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Roma a 1907, ta yanka haruffa da samfefa don yaro ya bi su da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. A 1929 kuma Margaret Lowenfeld ta fara amfani da akwatin yashi da ƙananan gumaka a Landan don yaran da ke cikin damuwa su bayyana abin da bakinsu ya kasa faɗa.

Mai karatu zai lura cewa abin da waɗannan masana suka yi shi ne mayar wa yaran birni, waɗanda duwatsu da benaye suka raba su da ƙasa, abin da yaron Garo yake da shi a ƙofar gida.

6.0 Zamanin Boko a Ƙasar Kano

Turawa sun ci Kano a 1903, kuma a 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa. Daga nan makarantun elementare suka riƙa bazuwa a gundumomi sannu a hankali. Dattawan da suka yi elementare kafin samun mulkin kai a 1960 suna tuna cewa ɗan aji ɗaya a ƙasa yake fara rubutu, a gindin bishiya ko a tsakar makaranta, malam yana zagayawa yana dubawa. Sai hannu ya faɗa ake ba shi allon sileti, daga baya littafi. Watau a wancan lokaci makarantar allo da ta boko sun haɗu a kan wannan mataki.

Sauyi babba ya zo da shirin ilmin firamare kyauta na 1976. An gina azuzuwa masu daɓen siminti, an raba littattafai, iyaye kuma suka fara auna ingancin makaranta da benci da tsabtar rigar ɗalibi. Zama a ƙasa ya koma alamar rashi. Abin mamaki shi ne, manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta faɗi sarai cewa a koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa kuma da harshen uwa, amma ta bar kafa irin waɗannan makarantu a hannun 'yan kasuwa. Sakamakon haka, akwatin yashi ya koma kayan ado na makarantun kuɗi a birni. Sai a dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ne kula da ƙananan yara ya shiga cikin tsarin makarantun gwamnati.

Kwanakin baya na shiga ajin ƙananan yara a wata firamare ta wannan yanki. Waɗanda ke da fensir da littafi suna kwafar haruffa daga allo, sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa, suna zaune hannu rabbana suna kallo. A waje ga fili shimfiɗe da rairayi. Da na tambayi malamar, sai ta nuna mini cewa in ta fitar da su, iyaye da masu duba makarantu za su ce wasa take sa su ba karatu ba. Ban ga laifinta ba, domin haka aka tarbiyyantar da mu duka. Amma yaron da ya shafe shekararsa ta farko bai ja harafi da hannunsa ba, da wuya ya cim ma 'yan'uwansa, kuma irinsa ne ke fara gudun makaranta.

Wajibi ne kuma a ba tsoron iyaye haƙƙinsa. Ƙasar da dabbobi da mutane suka ɓata tana ɗauke da ƙwan tsutsar ciki. A 2010 gubar dalma da ta gauraya da ƙasar gidaje, sanadin niƙan dutsen zinariya, ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Saboda haka maganar ta ƙunshi zaɓen wuri mai tsabta da wanke hannu bayan wasa. Bugu da ƙari, yashin kansa ya zama haja, motocin tifa suna kwasarsa daga rafuka zuwa gine-ginen birni.

7.0 Kammalawa

An ga yadda rairayi ya yi wa ɗan Bahaushe hidima a gida da makarantar allo da elementare, da yadda Turawa suka aro shi daga makarantun talakawan Indiya suka gina masa hujjoji, da kuma yadda darajarsa ta zube a wurinmu, da farko saboda kusancinsa da duba, daga baya saboda an ɗauke shi alamar talauci. Akan ce karatun yaro kamar rubutu ne a kan dutse. Gaskiya ne, amma kafin ya kai ga dutsen sai ya rubuta ya shafe sau ɗari, kuma babu inda zai yi haka kyauta sai a ƙasa.

Aiki biyu ne ke gabanmu. Malaman firamare da masu horar da su za su iya keɓe wani gefe mai inuwa a makaranta, a zuba tankaɗaɗɗen yashi a kewaye shi don dabbobi, a mai da shi wurin darasin haruffa da ƙirga, a kuma bayyana wa iyaye dalili. Ɗaliban ilmi mai zurfi a sassan Hausa kuwa, ya kamata su shiga garuruwa irin su Garo da Kabo da Gwarzo su tattara sunayen waɗannan wasanni da ƙa'idojinsu da maganganun da yara ke yi a cikinsu, su kwatanta da na Katsina da Sakkwato da Maraɗi, tun tsofaffin da suka yi su kafin 1976 suna nan da rai.